Sikirin biyu iri ɗaya amma launi daban: ja yana fitowa shuɗi a kan ST7735

Ɗalibin Lantarki ya rubuta:

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina neman taimakonku a kan wata matsala ta launi da ta tsayar mini da aiki. Ina haɗa 'yar na'ura da za ta riƙa nuna ƙarfin batirin sola na gida, da ESP32 (ƙaramin allon kwamfuta mai WiFi) da ƙaramin sikirin mai inci 1.8, irin mai guntun sarrafawa ST7735, wanda ke da ɗigo 128 a faɗi da 160 a tsayi. Laburaren (wato shiryayyun umarnin zane a sikirin) da nake amfani da shi TFT_eSPI ne, kuma a cikin fayil ɗin saitinsa, User_Setup.h, na zaɓi ST7735_BLACKTAB a matsayin irin sikirin. Idan batir yana cike lambar takan fito kore, idan ya fara sauka ta koma rawaya, idan ya yi ƙasa da bolt 12 ta zama ja. Launin nan shi ne amfanin na'urar gaba ɗaya, domin mutanen gida ba lamba za su tsaya karantawa ba, daga bakin ƙofa za su hango ja su san lokacin kashe firji ya yi.

Sikirin na farko yana nuna rubutu daidai. Na sayi na biyu daga baya a shago ɗaya, domin in haɗa wa kawuna irinta, kuma a ido babu abin da ya raba su. Amma da na sa masa shirin da yake aiki a kan na farko, sai ja ya fito shuɗi, rawaya ta fito ruwan bula, kore da fari da baƙi kuma suka fito yadda suke. Ban da haka, akwai wani siririn layi na ɗige-ɗige masu launi barkatai a gefe biyu na gilashin.

Matsala ta biyu ita ce ta fi ɗaure mini kai. Akwai ɗan hoton batir da na mayar lambobi na sa a cikin shirin, jikinsa kore, alamar gargaɗinsa ja. A sikirin na farko, wanda rubutunsa daidai yake, jan hoton shuɗi yake fitowa, korensa kuma ja. A sikirin na biyu, wanda rubutunsa ba daidai ba, jan hoton ja yake fitowa sai dai ya ɗan yi duhu, korensa kuma shuɗi.

Ta uku kuwa ba kullum take zuwa ba. Wani lokaci, musamman idan WiFi yana aika bayani, sai in ga ɗige-ɗige sun bayyana a kan lambar, wani sa'in ma rabin lamba ya rikiɗe zuwa wani launi har sai an sake rubuta ta. Komai yana kan allon gwaji mai ramuka, wayoyin sun kai santimita 20, SPI_FREQUENCY, wato gudun SPI, hanyar da ESP32 yake aika wa sikirin bayani, na sa shi 40000000 (megahaz 40), wuta tana zuwa daga batir ta cikin mai rage wuta LM2596 da na saita a bolt 5, sikirin kuma yana shan wuta daga ƙafar bolt 3.3 ta ESP32. Shin sikirin na biyu lalatacce ne in mayar wa mai shago, ko kuwa akwai abin da ya kamata in gyara a wajena?

Mai Gyaran Rediyo ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka yi saurin mayar da kaya tukuna, domin gilashin da ya lalace ba ya nuna fari da baƙi da kore tsaf. Ni ba gwanin shirin kwamfuta ba ne, amma matsalarka ta uku aikina ce, kuma ina zargin idan ka gyara wayoyin nan sauran ma za su iya lafawa.

Gudun da ka ba SPI ya yi yawa. Takardar bayanin Sitronix, kamfanin da ke yin ST7735, ta ce bugun agogo ɗaya wajen rubutu kada ya gaza nanosakan 66, wato kusan megahaz 15 ke nan. Mutane suna wuce haka su ci nasara, shi ya sa a cikin User_Setup.h ɗin da kake amfani da shi aka yi gargaɗin cewa sama da megahaz 27 wannan sikirin yana iya fitar da ɗige-ɗige da layuka. Kai kuma ka ba shi 40, a kan dogayen wayoyi da aka cusa a ramukan da ba sa riƙo da kyau. A irin wannan gudu, bugun agogo yakan yi amsa-kuwwa a cikin waya, sikirin ya ƙirga bugu ɗaya a matsayin biyu, daga nan duk abin da ya biyo baya ya goce da mataki ɗaya har sai an saki ƙafar CS, wadda ke buɗe aike da rufe shi, an fara sabon aike. Abin da ya sa kake ganin rabin lamba ya sauya launi ke nan, sauran rabin kuma lafiya lau. Ka mayar da shi 10000000 ka zauna ka kalla. Idan ɗige-ɗigen sun ɓace, ka samu mai laifi.

Sai batun wuta. ESP32 yana iya jan miliamfiya 240 a lokacin da WiFi yake aikawa, kuma Espressif, masu yin sa, sun ce a tanadar masa wutar da za ta iya ba da aƙalla 500. Kai ka ɗora sikirin da fitilar bayansa a kan wannan layi na 3.3, ga kuma inbata a kusa tana zuba hayaniya a cikin wayoyin batir. Ka sa kafasita mai maikurofarad 100 da wata ƙarama mai nanofarad 100 a ƙafafun wutar sikirin, VCC (+) da GND (−), dab da shi, ba can wajen ESP32 ba. Wayar GND ta zama gajera mai kauri, kuma idan za ka kai wa kawunka na'urar, ka yi mata solda a kan allo, domin ramukan allon gwaji da ƙurar hunturu ba sa zaman lafiya.

Ga yadda za ka bambance su. Sikirin yana ajiye hoton a ƙwaƙwalwarsa, saboda haka ka zana abu sau ɗaya ka daina rubutu, ka bar WiFi yana aiki. Idan haske ya riƙa dushewa yana dawowa, wuta ce. Idan hoton ya tsaya cak, sai an sake rubutu ɗige-ɗige suke fitowa, to a hanyar bayani ɓarnar take.

Malamar Kwamfuta ta amsa:

Baba Mai Gyaran Rediyo ya yi bayani mai gamsarwa a kan matsala ta uku, kuma ba ni da abin ƙarawa. Sai dai, da girmamawa, ba na jin gyaran waya zai taɓa ta farko da ta biyu. Waya mai matsala ba ta yin kuskure iri ɗaya kullum. Idan ja yana fitowa shuɗi yau da gobe, a kowane ɗigo, ba tare da fashi ba, to bayanin yana isa lafiya, fassararsa ce ta bambanta. Ƙanena, matsaloli uku gare ka masu tushe daban-daban, kuma biyu daga cikinsu suna rufa wa juna asiri, shi ya sa abin ya rikita ka.

Kowane ɗigo a wannan sikirin ana aika masa bit 16 (kowane bit 0 ne ko 1), a tsarin da ake kira RGB565: biyar na sama na ja ne, shida na tsakiya na kore, biyar na ƙasa na shuɗi. A rubutun lamba na hex, mai farawa da 0x, ja zalla shi ne 0xF800, kore zalla 0x07E0, shuɗi zalla 0x001F, rawaya kuma 0xFFE0 domin ja da kore ne a haɗe. Shi ST7735 guntu ne kawai da ake manna wa gilashi, kuma masana'antu daban-daban suke yin gilashin. A wani gilashin ƙananan tagogin launi suna jere ja, kore, shuɗi, a wani kuma shuɗi, kore, ja. Saboda wannan ne aka tanadi bit na 3 a cikin rajistar MADCTL, wato wani gurbin saiti a cikin guntun, wadda lambar umarninta 0x36, domin a gaya wa guntun wane jeri gilashinsa yake bi. Idan aka gaya masa ba daidai ba, ja da shuɗi sukan yi musaya, kore ya zauna inda yake tunda shi ne a tsakiya, rawaya ta zama kore da shuɗi a haɗe, wato ruwan bular da ka gani. Fari da baƙi ba sa motsi, domin a fari duk an kunna, a baƙi duk an kashe. Alamomin da ka lissafa ba su bar wata shakka ba. Sikirinka na biyu lafiyarsa ƙalau, gilashinsa ne ke bin jerin BGR, wato shuɗi, kore, ja, maimakon RGB, wato ja, kore, shuɗi.

Layin ɗige-ɗigen da ke gefe biyu ma daga bambancin gilashi yake. Ƙwaƙwalwar guntun tana iya ɗaukar ɗigo 132 a 162, gilashin kuma 128 a 160 ne, kuma ba kowace masana'anta ke fara haɗa gilashin daga kusurwa ba. A wasu sai an tsallake layi 2 ta gefe da layi 1 ta sama. Shirinka yana rubutu daga sifili, don haka akwai gurbin da ake gani amma ba a taɓa rubuta masa komai ba, sai ya nuna abin da ya tarar a ƙwaƙwalwa lokacin da aka kunna. Ka sauya ST7735_BLACKTAB zuwa ST7735_GREENTAB, wanda ya zo da wannan tsallake tare da jerin BGR. Idan gefen ya gyaru amma launi bai gyaru ba, akwai layin TFT_RGB_ORDER a cikin User_Setup.h, ka gwada masa TFT_RGB da TFT_BGR ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu hoton. Bit 16 bayit biyu ne, kuma SPI ɗaya bayan ɗaya yake aika su. Sikirin yana jiran babban bayit ya fara isowa, ESP32 kuma a ƙwaƙwalwarsa ƙaramin bayit yake fara ajiyewa. Idan ka zana rubutu ko akwati, laburaren ne yake kula da jerin. Idan ka miƙa masa hoto ta umarnin pushImage, yakan kwashi bayit ɗin yadda ya same su, sai dai in ka ce masa ya juya. Kamar ka rubuta wa mutum 25 ne ya karanta daga dama ya ce 52. Mu bi lissafin tare, domin a nan amsar take. Ja 0xF800 idan aka juya ya zama 0x00F8, wanda ja a cikinsa sifili ne, kore 7 cikin 63, shuɗi 24 cikin 31, wato shuɗi. Kore 0x07E0 ya zama 0xE007, ja 28 cikin 31 da ɗan shuɗi 7, wato ja. Haka ka gani a sikirin na farko. A sikirin na biyu kuwa, bayan wannan juyi sai gilashin ya sake musanya ja da shuɗi. Shuɗin nan 24 sai ya haska a tagar ja, ka ga ja mai ɗan duhu tunda bai kai 31 ba, har ka ɗauka daidai ne. Koren da ya zama ja kuma ya koma shuɗi. Kuskure biyu ne suka haɗu suka haifi abin da ya yi kama da daidai.

Maganinsa ka kira setSwapBytes da ƙimar true kafin pushImage. Amma ka sa rai da wannan: idan ka fara gyara jerin BGR kaɗai, jan hoton zai koma shuɗi a sikirin na biyu, kuma za ka ji kamar ka ƙara ɓata abin. Ba ɓatawa ka yi ba, ka cire kuskure ɗaya ne sai ɗayan ya fito fili.

Shawarata kafin ka taɓa komai, ka ajiye babban shirin gefe ka rubuta ƙarami wanda zai cika sikirin da ja, kore, shuɗi, fari da baƙi, bi da bi, da sunan kowane launi a rubuce a kansa. Hoto mai launuka da yawa ba ya nuna inda cuta take, amma waɗannan biyar suna nunawa nan take.

Injiniya daga Zariya ya amsa:

Malama ta rufe ƙofa. Zan ƙara abu biyu ko uku da na ga suna kayar da mutane bayan sun fahimci wannan.

Sunayen nan na BLACKTAB da GREENTAB da REDTAB sun samo asali ne daga launin 'yar kunnen ledar da ake manna wa gilashi sabo, wadda ake ja a ɓare ta. A da launin kunnen yana nuna irin gilashin, kuma laburaren Adafruit ma haka ya raba su. Amma kayan da ke kasuwa yanzu ba sa bin wannan ƙa'ida, za ka ga kunne kore a kan gilashin da saitin baƙi yake so. Saboda haka kada ka dogara da leda, gwajin launuka biyar ɗin Malama shi ne shaida. A cikinsa akwai alama ta uku da ba ka gamu da ita ba amma za ka gamu idan ka koma sikirin mai guntun ST7789 ko wani gilashin IPS, irin wanda launinsa ba ya lalacewa da wuri idan an kalle shi ta gefe: fari ya fito baƙi, baƙi ya fito fari, ja ya zama ruwan bula, shuɗi ya zama rawaya. Wannan juyin haske ne, umarninsa 0x21 a kunna, 0x20 a kashe, kuma a laburarenka TFT_INVERSION_ON da TFT_INVERSION_OFF ne suke riƙe da shi. Duk lokacin da fari ya motsa, ba jerin launi ba ne kuma ba juyin bayit ba ne.

Na biyu, tunda na'ura biyu za ka riƙa kula da su, ka lura cewa saitin TFT_eSPI a lokacin harhaɗa shiri ake karanta shi, kuma yana zaune a cikin babban fayil na laburaren, ba a cikin shirinka ba. Ranar da ka sabunta laburaren, User_Setup.h ɗinka zai iya komawa na asali. Ka ajiye kwafi biyu a wani wuri daban, ka rubuta a bayan kowane sikirin da maka wane saiti yake so.

Akwai masu aika umarnin 0x36 da kansu ta writecommand da writedata, 0xC0 ga gilashin RGB ko 0xC8 ga na BGR idan sikirin yana tsaye. Yana aiki, amma wannan rajista ita ce kuma take riƙe da juyin sikirin, don haka duk lokacin da aka kira setRotation sai ta share abin da ka rubuta. Wanda zai bi wannan hanya dole ya aika umarnin bayan setRotation. Ni dai na fi son a gyara a cikin saiti, domin wannan dabara ba ta magance layin gefe.

Ɗalibin Lantarki ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri, Baba da Malama da Injiniya. Na bi abin da kuka ce a jere. Gwajin launuka biyar a sikirin na biyu ya nuna kalmar ja a kan shuɗi, kalmar shuɗi a kan ja, sauran ukun daidai. Da na koma ST7735_GREENTAB, launin rubutu ya gyaru kuma layin gefe ya ɓace. Jan hoton ya koma shuɗi kamar yadda Malama ta ce zai yi, sai setSwapBytes ya daidaita shi a sikirin biyun. Gwajin Baba kuma ya nuna abu biyu a lokaci ɗaya: hoton da ba a sake rubutawa ba bai yi ɗige-ɗige ba, amma haskensa yana ɗan rawa idan WiFi ya tashi. Na sauke gudun zuwa 10000000, na rage tsawon wayoyin, na sa kafasitocin biyu, yanzu lamba tana fitowa tsaf, rawar hasken ma ta ragu sosai.

Saura abu ɗaya. Idan na jera su, jan sikirin na biyu bai kai na farko ƙarfi ba, ya ɗan koɗe, baƙinsa ma kamar ruwan toka mai duhu, musamman idan na kalle shi daga ƙasa. A shagon kawu a saman kanta za a rataye shi, wato daga ƙasa za a riƙa kallonsa. Shin wannan ma akwai saitinsa?

Malamar Kwamfuta ta sake amsawa:

Madalla da wannan sakamako. Abin da ya rage wani ɓangarensa yana gyaruwa, wani kuma halin gilashin ne. Ka fara juya sikirin ka duba bayansa. Da yawa daga cikin waɗannan alluna suna ɗauke da ƙaramin mai daidaita wuta mai ƙafa uku, wanda aikinsa ya rage bolt 5 zuwa 3.3, kuma kusa da shi akwai gurbin solda da aka rubuta wa J1. Idan ka ba shi 3.3 alhali gurbin a buɗe yake, abin da zai isa ga guntun zai gaza 3.3. Ka auna da mita a alluna biyun. Idan akwai bambanci, ko dai ka ba VCC bolt 5 ka bar J1 a buɗe, ko ka haɗe J1 ka ci gaba da 3.3, amma kada ka haɗe shi sannan ka ba shi 5, domin guntun ba zai jure ba. Ka kuma duba rizistar da ke kan layin fitilar baya, tunda ba lallai ƙimarta ta zama ɗaya a alluna biyun ba, kuma fitila mai yawan haske tana sa baƙi ya koɗe.

Akwai rajistocin gamma, 0xE0 da 0xE1, da suke tsara yadda haske ke hawa daga duhu zuwa fari, kuma ƙimomin da laburaren yake aikawa ba don gilashinka aka auna su ba. Amma sun fi shafar launukan tsakiya, kai kuma ja da kore da rawaya zalla kake nunawa, don haka ba zan ba ka shawarar ɓata lokaci a kansu ba.

Kallo daga ƙasa kuwa, yawancin waɗannan sikirin na inci 1.8 gilashin TN ne, wanda yake da ɓangare ɗaya da launi ke lalacewa da wuri idan aka kalle shi ta can. Ka riƙe shi a hannu yana nuna ja, ka karkata shi ta fuskoki huɗu, ka gano ɓangaren da ya fi kyau, sannan ka girke shi yadda wannan ɓangaren zai fuskanci ƙasa, ka juya rubutun da setRotation ya daidaita. Kuma tunda rayuwar batir ce ta rataya a kan wannan gargaɗi, ka sa kalmar CIKE ko SAURA KAƊAN ko KASHE da manyan baƙaƙe a ƙarƙashin lambar, domin akwai mutanen da idonsu ba ya bambance ja da kore ko da sikirin ya nuna su daidai.